Gyara kayanka ko sauke mu raba: hanyoyin da ke gaban wanda bashi ya yi wa katutu a Abuja

Bayan sallar isha'i ɗan baffana ya same ni a gida a Kubwa, bai ma yarda ya shiga ciki ba. Muka zauna a benci a ƙofar gida. Ya kifa wayarsa a cinya, tana kawo haske tana ɗaukewa, bai ɗaga kira ko ɗaya ba. Shekararsa goma sha ɗaya yana sayar da siminti da rodi a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei.

Ya ce, "Yaya, na karye. Na ji an ce akwai takardar da mutum ke cikewa a kotu ya ce ba shi da komai, sai a share masa bashi. Ita nake so ka taimaka mini in samu."

Na ce, "A ina ka ji?"

Ya ce a waya ya gani.

Abin da ya gani na Amurka ne. A dokar karayar arzikinsu akwai abin da suke kira Babi na 7, inda ake sayar da abin da doka ta yarda a sayar daga dukiyar mutum, cikin 'yan watanni a sallame shi. Akwai kuma Babi na 13, inda mai samun kuɗin wata ke riƙe gidansa da motarsa, yana zuba kuɗi a hannun wani amintacce shekara uku zuwa biyar, shi kuma yana raba wa masu bin bashi. A Ingila ma yawanci bayan shekara ɗaya ake sallamar wanda kotu ta ce ya karye. Tamu dokar ba haka take ba. Aikina lissafin kuɗi ne, na kuma sha zama a sulhun bashi tsakanin 'yan kasuwa, shi ya sa nake so in baje hanyoyin kamar yadda suke a Nijeriya, in faɗi wadda na fi yarda da ita.

Yaron nan ba almubazzaranci ya yi ba. Daga 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, da watan Yuni da aka saki naira a kasuwa, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Shi kuwa ya ba 'yan kwangila kaya bashi a tsohon farashi. Ranar da suka biya, kuɗin tirela guda ba ya ɗauko rabin tirela. Sai ya ci bashi ya cike gurbi, ya sake cin wani ya biya na farko.

A daren nan ban bar shi ya tafi ba sai da muka rubuta komai a littafin makarantar 'yata. Wani ƙaramin banki yana binsa miliyan 6, motarsa ce jingina, abokinsa kuma ya tsaya masa. Dilan da ke ba shi siminti miliyan 6. Goggonmu, wadda mijinta ya rasu, ta ranta masa miliyan 3 daga kuɗin gadonta. Adashin kasuwa da ya riga ya kwasa miliyan 1 da rabi. Manhajojin rance uku na waya da hayar shago da 'yan ƙananan basussuka, su ma miliyan 1 da rabi. Jimla miliyan 18. Abin da ya mallaka: mota ta miliyan 3, kaya a shago na miliyan 4, fili a wajen Gwagwalada na miliyan 3 da rabi, sai bashin da yake bin mutane wanda muke da yaƙinin zai fito, miliyan 1 da rabi. Sau uku ina tambayarsa, "Shi ke nan? Babu wanda ka manta?" Sai a na ukun ya ambaci manhajojin. Kunya ce ta sa ya ɓoye su, kuma duk hanyar da mutum zai bi, wannan jerin ne tushenta. Wanda ya ɓoye mai bin bashi ɗaya, ranar da ya ɓullo sauran za su daina yarda da duk abin da aka rubuta.

Kashe waya da canja layi da komawa ƙauye ba na lissafa su cikin hanyoyi. Tun 1 ga Agusta 2020 Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki da tsarin GSI: idan ka sa hannu a kansa lokacin karɓar rance, bankin da ke binka zai iya bin lambar BVN ɗinka ya ɗebi uwar kuɗi da kuɗin ruwan da ya taru daga asusunka na wani banki, har da asusun haɗin gwiwa. Tarar jinkiri ce kawai ba a yarda ya ɗiba ta wannan hanya ba. Sunanka kuma yana wajen kamfanonin adana tarihin bashi irin su CRC da FirstCentral da CreditRegistry. Wanda ya tsaya maka shi za a juya a kama da biya.

Abin da ya fi hana shi barci shi ne 'yan sanda. Wannan tsoron kuwa ba shi da tushe a doka. Sashe na 8 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda ke aiki a Abuja, da sashe na 32 na dokar 'yan sanda ta 2020, duka sun hana a kama mutum don kawai saɓa yarjejeniya ko rikicin kuɗi tsakanin mutum da mutum. Na san ana yi, amma ba bisa doka ba ne, kuma lauya na iya ƙalubalantarsa a kotu. Abu biyu ne ke mayar da bashi laifi: karɓar kuɗin mutane da yaudara, da ba da cek ɗin da ba kuɗi a bayansa. Dokar 1977 ta tanadi ɗaurin shekara biyu ba zaɓin tara ga wanda cek ɗinsa ya dawo saboda rashin kuɗi. Saboda haka duk wanda ke cikin matsi, idan an ce ya rubuta cek mai kwanan watan gaba "don a kwantar da hankali", ya ƙi. Manhajojin da ke tura wa dangi saƙon cin mutunci kuwa, ana kai ƙararsu hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, wadda ta fito musu da ƙa'idar rajista tun 2022. Kai ƙarar ba ya goge abin da ka ranta, yana dai taka wa wulaƙanci burki.

Hanya ta farko ta gaskiya ita ce a bi su ɗaya bayan ɗaya. Ka je banki ka nemi a tsawaita wa'adi, a cire tara, ko a karɓi wani kaso lokaci guda a rufe. Bankuna suna yarda da haka fiye da yadda mutane ke zato, domin shari'a ma kuɗi take ci. Idan wani ya riga ya kai ka kotu har an yanke hukunci, kana iya roƙon alƙali ya ba ka damar biya kashi-kashi bayan ka nuna abin da kake samu. Ga wanda mutum ɗaya ko biyu ke bi, kuma albashinsa ko cinikinsa na shigowa, wannan ta wadatar, ba sai an tara jama'a ba. Matsalarta tana bayyana idan masu bin sun yi yawa. Mai ƙarfin murya da mai lauya su ake fara biya, mai kawaici ya tashi a tutar babu. A jerin ɗan'uwana, manhajojin da ke kira sau ashirin a rana su suka fi kowa samun kuɗi a watannin baya, Goggo kuwa da ba ta taɓa ɗaga masa murya ba ko sisi ba ta gani ba.

Hanya ta biyu ita ce a tara su duka a zama ɗaya, a baje littafi, a naɗa amintacce. A nan zan daɗe, domin ita ce na fi yarda da ita.

Lissafin kansa ba shi da wuya. Banki ya karɓi motar da aka jinginar, saura miliyan 3 a cikin nasa. Bashin da ba shi da jingina ya zama miliyan 15. Dukiyar da ta rage miliyan 9 ce. Idan sauke mu raba za a yi, kowa zai sami kwabo sittin a kowace naira: dila miliyan 3 da dubu 600, banki da Goggo kowanne miliyan 1 da dubu 800, adashi dubu 900, ƙananan ma dubu 900. An gama a wata ɗaya, amma miliyan 6 ta bi ruwa, mutumin kuma ya fito ba shago ba jari, da mata da 'ya'ya huɗu.

Idan gyara kayanka za a yi, sai a bar masa kayan shago na miliyan 4 ya ci gaba da juyawa. A sayar da fili, a karɓo bashin da yake bi, miliyan 5 ke nan, kowa ya karɓi kashi ɗaya cikin uku nan take. Saura miliyan 10. Shagon na iya fitar da dubu 250 a wata bayan an cire abinci da haya da kuɗin makaranta. Dila dubu 100, banki dubu 50, Goggo dubu 50, adashi dubu 25, ƙananan dubu 25. Wata arba'in, shekara uku da wata huɗu, kowa ya karɓi kuɗinsa cif. Wannan lissafin shi ake sa wa masu bin bashi a gaba, su zaɓa da kansu tsakanin sittin yau da ɗari a hankali. Ɗan kasuwa ya san darajar kuɗi na zaizayewa, don haka wani zai ce a ba shi nasa yanzu ko da ragi, kuma yana da hujja. Ana iya haɗa biyun a takarda ɗaya.

Akwai rami ɗaya a wannan hanya da na ga ya cinye sulhu da dama, wato kuɗin ruwa. Bankin nan kashi 4 cikin ɗari yake ɗorawa duk wata. A kan miliyan 2 da ta rage, dubu 80 ke nan, rabonsa kuwa dubu 50 ne. Ma'ana bayan wata arba'in ana biya, bashin ya fi yadda aka fara. Duk tsarin biyan da ba a tsayar da kuɗin ruwa da tara a rubuce ba, ɗiban ruwa ne da kwando. Kafin a sa hannu a kan komai, sai an samo wasiƙar banki mai hatimi da ta faɗi adadin da aka tsaya a kai, ta kuma ce ba za a taɓa asusu ta GSI ba muddin ana biya kan lokaci.

Amintacce fa, wane ne, mene ne aikinsa? Mutum ne da ɓangarorin biyu suka yarda da shi, wanda ba ya bin ko kwabo, kuma ba ɗan ɗakin wanda ake bi ba. Ni kaina na ƙi karɓa saboda jini ya haɗa mu. Zai iya zama dattijo a shugabancin kasuwa, ko lauya, ko akanta. Liman ko fasto ya fi dacewa da shaida, sai dai in ya saba da lissafi. Shi zai tantance kowane bashi da rasit ko shaidu, domin a irin wannan zama adadi kan kumbura. Shi zai sa a yi wa fili kuɗi wajen dillalai fiye da ɗaya, ya riƙe takardun filin har a sayar. Asusu na daban za a buɗe da hannu biyu, kuɗi su shiga can su fita can, kowa ya ga alat ɗinsa rana ɗaya. Wanda ake bi ya daina miƙa wa kowa kuɗi a bayan fage. Wannan ya fi komai ba shi sauƙi, domin duk wanda ya kira shi da tsakar dare amsa ɗaya ce: "Alhaji, ka yi haƙuri, kuɗin ba a hannuna suke ba, ka tuntuɓi Baba." A kuma yanka wa amintacce ladansa tun farko a rubuta, ko da ya ce don Allah zai yi. Aikin shekara uku ne, kuma wanda ake biya ya fi sauƙin a tambaye shi lissafi.

Da muka zo kan rabo, ɗan'uwana ya ce, "Yaya, bari in sallami Goggo da kuɗin filin nan kafin kowa ya ji. Marainiyar Allah ce, ba ta da kowa." Na fahimce shi, ni ma zuciyata can ta karkata. Amma na ce masa a'a. Ranar da dila ya ji an sayar da fili a ɓoye an biya 'yar'uwa, sulhu ya mutu, kuma da gaskiyarsa. In ana so a fifita ta, a faɗa a gaban kowa a roƙi alfarma. Wani abin lura a nan: da a ce kuɗin Goggo na kasuwanci ne a raba riba, wato ƙiradi, hukuncinsa daban ne, asara kan hau kan mai jari muddin mai juyawa bai yi sakaci ba. Da kuma ajiya ce ta ba shi tana nan yadda take, ba ta shiga rabo, tata ce. Nata rance ne, shi ya sa ta shiga sahu.

Raunin wannan hanya guda ɗaya ne, kuma babba ne: ba ta ɗaure kowa sai wanda ya sa hannu. Mutum ɗaya ya ƙi, ya tafi kotu ya samo hukunci, ma'aikatan kotu su zo su kwashe kayan shago ko a riƙe asusu, tsarin wata arba'in ya rushe. Ana rage wannan haɗari da kai yarjejeniyar Zauren Sulhu na Babbar Kotun Abuja, wanda aka kafa a 2003. Ba sai kana da shari'a a gaban alƙali ba, kana iya zuwa da kanka a gayyato ɗaya ɓangaren. Idan an daidaita, alƙali ya rattaba hannu, takardar ta zama hukuncin kotu. Wanda ya sa hannu ba zai wayi gari ya canja magana ba. Sai dai wuƙar kaifi biyu gare ta: kai ma in ka saɓa, ba sai an sake shari'a ba, zartarwa kawai za a yi. Don haka kada ka yi alkawarin dubu 400 don ka burge mutane alhali dubu 250 shagon ke iyawa.

Yanzu ga hanya ta uku, wadda ɗan'uwana ya zo nema. Dokar karayar arziki ta ɗaiɗaikun mutane a Nijeriya ta 1979 ce, an yi mata gyara a 1992. Majalisar tarayya ta takwas ta amince da sabuwa, shugaban ƙasa bai sa mata hannu ba. Tsufanta a fili yake: mafi ƙarancin bashin da za a iya neman a karya mutum a kansa naira 2,000 ne, kuɗin da yau ba ya sayen buhun siminti. Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke da hurumi, kamar yadda sashe na 251 na tsarin mulkin 1999 ya ce, ba kotun majistare ba, ba kotun yanki ba. A Abuja tana kan titin Shehu Shagari. Ba kasafai ake bin wannan hanya ba, kuma ba kowane lauya ne ya taɓa yin irin shari'ar ba.

Mai bin bashi na iya shigar da ƙara, wanda ake bi ma na iya kai kansa ya ce ya gaza biya. Kotu ta ba da umarnin riƙe dukiya, wani jami'in gwamnati ya karɓi kula da ita. Daga nan babu mai bin bashin da zai fara sabuwar ƙara ko ya taɓa kayanka sai da izinin kotu, ban da mai jingina, shi haƙƙinsa a kan jinginarsa yana nan. Wannan kariyar ita ce abin da sulhun kasuwa ba zai iya ba ka ba. Sai ka miƙa cikakken bayanin dukiyarka da basussukanka bisa rantsuwa, a buga umarnin a jaridar gwamnati, a yi maka tambayoyi a fili a gaban kotu kan yadda kuɗin suka tafi.

Mutane da yawa ba su san cewa a cikin wannan dokar ma akwai ƙofar sulhu ba. Kafin a yanke cewa ka karye, kana iya gabatar da tayin biyan wani kaso ko tsarin biya a hankali. Idan masu bin bashi mafi rinjaye, a yawansu da kuma nauyin kuɗinsu, suka karɓa, kotu ta ga tayin ya dace ta amince, ya hau kan kowa har wanda ya ƙi. Ga mutumin da mutum tara suka yarda na goma ya kafe, wannan ce maganin kafewar.

In tayin bai karɓu ba, sai a ayyana ka karye, dukiyarka ta koma hannun mai riƙon amana. A nan ake yawan ruɗewa, domin sunansa ya yi kama da na amintaccen sulhu amma ba abu ɗaya ba ne. Na sulhu, da yardarka ya zo, ikonsa bai wuce abin da takarda ta ba shi ba, dukiya tana nan da sunanka. Na kotu, masu bin bashi ne ke zaɓarsa, su yake yi wa aiki, suna iya kafa kwamitin da zai sa masa ido. Mallakar dukiyar ce ke komawa kansa. Yana sayarwa ba tare da ya nemi ra'ayinka ba. Yana shigar da ƙara a kan waɗanda kake bi. Yana iya ƙin bashin da bai gamsu da hujjarsa ba, wanda alheri ne a gare ka. Yana kuma waiwayar baya: kyautar gida ko fili da ka yi wa mata ko ɗa gab da karyewa, da biyan da ka yi wa wani don fifita shi a cikin wata uku kafin ƙarar, duka ana iya warware su. Da mun biya Goggo a ɓoye aka zo nan, ana iya cewa ta dawo da kuɗin. Abin da ka samu kafin a sallame ka, gado ko wata riba, shi ma yana shiga, kotu kuma na iya yankar wani kaso na albashi. Kayan sana'a da tufafi da shimfiɗar iyali ake bar maka, su ma da iyaka. Ladan mai riƙon amana da kuɗin shari'a daga dukiyar ake fara cirewa, haraji da albashin ma'aikata su biyo, sannan sauran. Ka haɗa da faɗuwar farashi a gwanjo, za ka ga kwabo sittin ɗin nan ba za ta kai sittin ba.

Sallama tana zuwa ne in ka nema kotu ta ba ka, ko bayan shekara biyar daga umarnin riƙe dukiya idan ba a yi jayayya ba. Kafin nan tsarin mulki ya hana ka takarar majalisa ko gwamna ko shugaban ƙasa, dokar kamfanoni ta hana ka zama darakta, kuma laifi ne ka ci bashi ba ka faɗi halin da kake ciki ba. Ma'aikacin gwamnatin tarayya ya yi hattara sosai, ga shi Abuja garin ma'aikata ne: ƙa'idojin aikin gwamnati sun sa karayar arziki da mummunan nutsewa a bashi cikin manyan laifukan da ke iya kai wa ga kora. Sallamar kuma ba ta goge bashin da aka ci ta hanyar zamba, ba ta kuma 'yanta wanda ya tsaya maka. Abokin ɗan'uwana da ya sa hannu a banki, shi za a ci gaba da bi.

Wanda ya yi rajistar sunan kasuwanci kawai a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC kada ya ɗauka yana da katanga. Shi da shagon abu ɗaya ne a idon doka. Cikakken kamfani ne ke da nasa bashin daban, kuma dokar kamfanoni ta 2020 ta ba shi hanyoyin sulhu da farfaɗowa da mutum ɗaya ba shi da su. Ko a nan, in ka sa hannu ka tsaya wa kamfaninka da kanka, katangar ta faɗi.

Ga Musulmi akwai wata tambayar da kotu ba ta amsawa. Fiƙihunmu na Malikiyya ya san wannan babi tun da daɗewa, taflisi ake ce masa: alƙali ya hana muflisi, wato wanda ya karye, taɓa dukiyarsa, bashin da wa'adinsa bai yi ba ya zama na yanzu, a raba gwargwadon abin da kowa ke bi, a bar masa sutura da abin ciyar da iyali na ɗan lokaci. Wanda ya tarar da ainihin kayansa da ya sayar bashi yana da damar ɗaukar abinsa. Wanda aka tabbatar ba shi da komai ba a tsare shi. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta ce a jinkirta masa zuwa lokacin sauƙi, yafewa kuma ta fi. Mai hali da ke ja wa mutane rai kuwa, hadisi ya kira abin da yake yi zalunci. Waɗanda bashi ya danne suna cikin mutum takwas da ake ba zakka a aya ta 60 ta Suratut Tauba, abin da masu fitar da zakka a kasuwanninmu ke yawan mantawa. Amma abin da ya rage bayan rabo yana nan a wuyan mutum, in ya samu ya biya, sai fa in mai shi ya yafe. Takardar sallama ta kotu tana hana a kai ka ƙara. Ba ita ce yafewar Goggo ba. A zaman sulhu kuwa ana iya jin "na yafe" daga bakin mai haƙƙi, a gaban shaidu. Wannan na cikin dalilan da suka sa na fifita shi.

To wa kotun karayar arziki ta dace da shi? Mutumin da bashinsa ya kai inda kuɗin lauya ba zai zama komai ba a kansa, masu binsa suna da yawa, ƙararraki sun riga sun taru a kotuna daban-daban, wani yana rige-rigen kwashe komai shi kaɗai, an gwada sulhu ya ci tura, kuma ba shi da kujera ko aikin gwamnati da zai rasa. Shi kam ya nemi lauyan da ya san fannin, ya shiga da tayin biya a hannunsa. Ta kuma dace da masu bin bashin da suka tabbata mutuminsu yana da dukiya yana ɓoyewa, domin mai riƙon amana yana da ikon tono da dattijon kasuwa ba shi da shi. Ɗan'uwana ba ya cikin ko ɗaya.

An yi zaman nasa ranar Asabar bayan la'asar, a ofishin ƙungiyarsu ta 'yan kasuwa. Banki bai zo ba, wasiƙarsa muka karanta, bayan mun yi sawu huɗu kafin a tsayar da kuɗin ruwa. Dila ya daɗe yana duba littafin, ya ɗago ya ce, "Me ya hana ka zo mini tun bara?" Ɗan'uwana ya sunkuyar da kai. Can dilan ya ce a ɗauki dubu 25 daga rabonsa na wata a ƙara wa Goggo har nata ya ƙare, shi zai jira. Uwar adashi ta nemi a rubuta cewa ba zai shiga wani adashin ba sai an gama. Ni kuma na sa aka ƙara sharaɗi biyu: in damina ta tsayar da gine-gine, yana da damar biyan rabi har wata biyu a shekara ba tare da an ce ya saɓa ba, kuma duk wanda aka gama biya zai ba da takardar cewa ba ya bin komai, banki ya gyara sunansa a wajen masu adana tarihin bashi. Manhaja ɗaya ta ƙi amsa wasiƙa, amintacce yana tara rabonta a gefe.

Goggo ba ta iya boko ba. Aka karanta mata takardar da Hausa daga farko har ƙarshe, ta tambaya sau biyu ko za a bar wa yaron shagonsa, aka ce za a bari, sannan ta miƙo babban yatsa aka shafa mata tawada.